Abin da ke Tafiya da Abin da ke Tsaye: Waiwaye kan Lissafi a Ƙetaren Kogin Kaduna

A shekarun 1970 da 1980, duk wanda ke zaune a Kakuri, Makera ko Nasarawa yana iya sanin lokaci ba tare da ya duba agogo ba. Tururuwar kekuna a kan titi ta isa ta faɗa masa cewa masu aikin safe sun tashi, masu aikin rana sun karɓa. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Sai Nortex da Arewa Textiles suka biyo baya, UNTL ta zo a 1964, shekarar da aka kafa masana'antar kayan yaƙi ta DICON. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, sannan aka buɗe matatar mai a 1980. Dubban magidanta daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suna cin abinci a wannan ɓangare na kogi, kuma kowannensu yana da ranar da yake jira, wato ƙarshen wata.

An yi rubutu da yawa a kan injinan saƙa da mutanen da suka tsaya a gabansu. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne akawu, mutumin da ke zaune a bayan tebur da ƙaton littafi mai jajayen layuka, wanda sai ya gama nasa aikin kowa zai ga kwabonsa. Irinsa na nan a ofishin albashi, yana nan a wajen dillalan da ke sarin yadi, yana nan a wajen 'yan kwangilar da ke kai wa masana'antu kaya. Ni dai a ganina, idan ana son a gane yadda rayuwar wannan yanki ta sauya, to a dubi inda aikin wannan mutum ya koma.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da tsohon akawu yana aiki zai tuna yadda yake amfani da hannayensa biyu. A saman shafi ya rubuta kuɗin awa ɗaya ta aikin ƙarin lokaci, ya ja layi biyu a ƙarƙashinsa. Ɗan yatsansa na hagu yana kan wannan adadi, ba ya gusawa. Hannun dama kuwa, mai riƙe da biro, shi ke sauka daga suna zuwa suna: wannan awa shida, wancan awa tara, na gaba awa huɗu. A kowane layi sai ya ɗauki abin da hannun dama ya tarar, ya ninka shi da abin da hannun hagu ke danne da shi. Babu wanda ya koya masa wannan da suna. Aikin ne ya nuna masa cewa a kowane lissafi akwai abin da ke tafiya, akwai kuma abin da ke tsaye, kuma ranar da ya rikita su, ranar zai kwana a ofis.

Wahalar wancan zamani takan bayyana ne idan abin da ke tsaye ya motsa. Ranar 1 ga Janairun 1973 Najeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo: fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Kowane farashi, kowane albashi, kowane bashi da ke cikin littafi sai da aka sake fitar da shi da hannu. Ba a daɗe ba ƙarin albashin Udoji ya zo, wanda aka biya a 1975 haɗe da ariyas na watannin baya, ma'aikatan kamfanoni ma suka tashi neman nasu. Adadi ɗaya ne ya canza a saman shafi, amma duk layukan da ke ƙasa sun mutu. Sai sabon shafi, sai raskwana mai hannu da ake murzawa, sai wani akawun ya bi bayan na farko yana dubawa layi-layi.

Bayan 'yan shekaru, can a Amurka, wani ɗalibin makarantar kasuwanci ta Harvard mai suna Dan Bricklin yana kallon irin wannan wahala a kan allo, inda canjin adadi ɗaya ke sa a goge komai a sake. Shi da abokinsa Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a 1979, jadawalin lissafi na farko da ya yi kasuwa a ƙananan kwamfutoci, a kan Apple II. Tunaninsu mai sauƙi ne. A raba fuskar kwamfuta gida-gida, kowane gida da adireshinsa: harafi na nuna layin tsaye, lamba na nuna layin kwance. A cikin gida ana iya rubuta adadi, ana kuma iya rubuta fomula da ke cewa a ɗauko abin da ke wancan gida a ninka da na wancan. Idan adadi ya canza, duk gidajen da suka dogara da shi sai su gyara kansu.

Tun ranar farko suka ci karo da tambayar tsohon akawu. Idan mutum ya rubuta fomula a layi ɗaya yana son kwafa ta zuwa layuka ɗari, wanne adireshi ne zai sauka tare da ita, wanne ne zai tsaya? VisiCalc ba ta yanke wa kowa hukunci ba. A kan kowane adireshi sai ta tsaya ta tambayi mai aiki, ya danna harafin R idan yana son ya tafi, ko N idan yana son ya zauna yadda yake. Da Lotus 1-2-3 ta fito a 1983, sai aka daina tambaya: komai zai tafi, sai abin da aka sa wa alamar dala, wato $, a gabansa. Excel, wadda ta fito a 1985 a kan Macintosh sannan a 1987 a kan Windows, ta gaji wannan tsari, kuma shi ne har yau a Google Sheets da WPS da ke cikin wayoyinmu. An samu sauri, amma nauyin tambayar ya dawo kan mai aiki. Idan bai yi wa kansa ita ba, babu mai yi masa.

Abin da ke taɓa zuciya shi ne, wannan fasaha ta yaɗu a unguwanninmu a daidai lokacin da masaƙun ke numfashin ƙarshe. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, ƙarancin auduga da kwararar yadin fasa-ƙwauri suka haɗu suka durƙusar da su. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, ko da yake an sake buɗe ta daga baya ba da ƙarfinta na da ba. Mutanen da ofis ɗaya ke yi wa lissafi suka watsu neman abin kai. Wani ya buɗe shagon kayan masarufi a Sabon Tasha, wata ta kafa makarantar kuɗi a Narayi, wani ya sayi injin markaɗe, wata ta kama sayar da atamfa a Kasuwar Monday ta Kakuri, 'ya'yansu kuma suka shiga harkar POS da gyaran waya. Da can akawu ɗaya ke riƙe littafin mutum dubu. Yanzu mutum dubu ne, kowa da littafinsa, kuma akasarinsu babu wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu riƙon littafi.

Waɗanda suka yi ƙoƙarin cike wannan giɓi su ne ƙananan makarantun koyon kwamfuta da suka cika Barnawa, Television da Unguwar Romi tun daga ƙarshen shekarun 1990. Ɗaki ɗaya, kwamfuta biyar ko shida, janareta na kuka a bakin ƙofa, ɗalibai bibbiyu a kan kowace kujera. Sun yi aikin alheri, domin da yawa daga cikin sakatarorin ofisoshi da masu kula da shaguna a yau daga nan suka fito. Sai dai a 'yan watannin da ake yi, lokaci mai yawa yana tafiya ne wajen koyon buga rubutu da ƙawata shafi. Idan aka zo kan Excel, a koya tarawa, a koya jan fomula ƙasa da linzami, ɗalibi ya ga lambobi sun zubo kamar da bakin ƙwarya, ya yi murna, a ba shi takardar shaida. Maganar dala sau da yawa a rana ɗaya ake wuce ta, ko ma a tsallake. Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Bari mu duba yadda abin ke aiki, domin ba shi da wuya. Idan ka rubuta =B2*E1 a gidan C2, kwamfuta ba sunayen gidajen take haddacewa ba, nisansu take riƙewa. Abin da ta ji shi ne: ɗauko na gida ɗaya a haguna, ka ninka da na gida biyu a damana, layi ɗaya sama. Da ka ja fomular zuwa C3, sai ta sake auna wannan nisa daga sabon mazauninta, ta zama =B3*E2. Sauka daga B2 zuwa B3 shi ake so, domin kaya na gaba ke nan. Amma zamewa daga E1 zuwa E2 ɓarna ce, idan a E1 ka ajiye harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ya kamata kowane layi ya duba.

A ce kayan farko na naira 20,000 ne. Layin farko zai ba da haraji naira 1,500, daidai. Idan gidan E2 fanko ne, layi na biyu zai ba da sifili, kuma wannan da sauƙi, ido zai kama. Inda ake shiga uku shi ne idan a E2 mai shago ya ajiye wani adadi mai kama da na sama, misali ragin kashi 5 da yake yi wa masu sari. Kayan naira 30,000 sai su fito da haraji 1,500 maimakon 2,250. Babu jan rubutu, babu gargaɗi, adadin ya yi kama da gaskiya. Naira 750 ta ɓace a layi ɗaya, kuma takardar za ta fita da hatimin shago a kanta.

Maganin shi ne a rubuta =B2*$E$1. Dalar da ke gaban harafi ta hana adireshin matsawa gefe, wadda ke gaban lamba ta hana shi sauka ko hawa. Kamar turke ne: duk inda akuya ta zaga, igiyarta na komawa wuri ɗaya. Ko layi dubu aka ja fomular, B za ta yi ta sauka, E1 na nan daram. A kan kwamfuta ba sai an buga alamar da hannu ba. Idan aka ɗora alamar rubutu a kan adireshin aka danna F4, sai E1 ya zama $E$1, a sake dannawa ya zama E$1, a sake ya zama $E1, na huɗu ya dawo yadda yake. A waya kuwa babu F4, sai an nemo alamar a cikin madannai, shi ya sa masu lissafi a waya suka fi kowa mantawa da ita.

Akwai masu kauce wa wannan duka ta wata hanyar da ke kama da wayo. Maimakon su ajiye harajin a gida guda su kafe adireshinsa, sai su rubuta adadin a cikin fomular kai tsaye: =B2*0.05. Aka ja, komai ya fita daidai, har tsawon shekaru, domin tun da aka fara karɓar VAT a 1994 kashi 5 aka daɗe ana karɓa. Sai ranar 1 ga Fabrairun 2020 ya koma kashi 7.5. Wanda ya ajiye shi a E1 ya goge adadi ɗaya ya rubuta wani, ya ci gaba da cinikinsa. Wanda ya binne shi a cikin fomula ya shiga farauta daga shafi zuwa shafi, kuma duk layin da ya tsallake ya ci gaba da lissafin tsohon haraji a ɓoye. Ya sayi kwamfuta, amma ya koma halin akawun 1973.

A nan ne na ga hikimar abin, kuma ita ce ta sa nake ganin ya wuce dabarar madannai. Dala ba adadi take daskarar da shi ba, wurin zamansa take kafewa. Abin da ka san zai canza wata rana, shi ne ya fi cancanta ka ba shi gida guda, ka rubuta sunansa a gefe, ka sa kowane layi ya riƙa dubansa. A ƙasarmu kuwa, me ya rage da ba ya canzawa? Kuɗin fansho ya tashi daga kashi 7.5 na ma'aikaci da 7.5 na mai aiki a dokar 2004, ya koma 8 da 10 a dokar 2014. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. An cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin dako ya yi tashin gwauron zabo. Dalar Amurka da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a cikin 2024. Mai sayar da kayan gyaran mota ko kayan waya da ke sake farashi kusan kowane mako, gida ɗaya da aka kafe da kyau shi ne tsakaninsa da sayar da kaya ƙasa da yadda zai sake saro su.

Kafewa gaba ɗaya ita ce mataki na farko. Inda ake gane wanda ya iya shi ne wajen kafe rabi, a saki rabi. Ɗauki mai sayar da yadi da ke son jadawalin da yaron shago zai duba ba sai ya kira ta a waya ba. A layin tsaye na A ta jera farashin yadi ɗaya na kowane iri: 2,000 a A2, 3,500 a A3, 5,000 a A4. A layin kwance na farko ta jera yawan da aka saba saye: yadi 2 a B1, 4 a C1, 6 a D1, wato turmi, da 12 a E1. Gidaje goma sha biyu ke tsakiya suna jiran amsa, kuma fomula ɗaya ta ishe su.

Idan ta rubuta =A2*B1 babu dala, gidan farko zai ba da 4,000, daidai. Tana ja zuwa dama sai ta zama =B2*C1, wato ta bar farashin ta kama amsar da ta gabata, ta ninka 4,000 da 4, yadi huɗu ya tashi 16,000 maimakon 8,000. Idan kuma ta ji tsoro ta kafe komai, =$A$2*$B$1, duk gidajen goma sha biyu za su ce 4,000. Abin da ake so shi ne =$A2*B$1. Farashi kullum a layin A yake, don haka a kafe harafinsa, a bar lambarsa ta sauka daga iri zuwa iri. Yawan yadi kullum a layin farko yake, don haka a kafe lambarsa, a bar harafinsa ya yi tafiya zuwa dama. Da ta isa D3 sai ta zama =$A3*D$1, turmi ɗaya na mai 3,500, naira 21,000.

Na taɓa jin wani malamin kwamfuta yana koyar da wannan ba tare da dogon bayani ba. Ya tsaya a bayan ɗalibarsa ya ce, "Kafin ki ja, tambayi kanki abu biyu. In kin ja ƙasa, me bai kamata ya sauka ba? Sa dala a gaban lambarsa. In kin ja dama, me bai kamata ya matsa ba? Sa dala a gaban harafinsa." Ta ce, "Malam, in ba shi da damar yin ko ɗaya fa?" Ya ce, "To ki ba shi biyu." Darasin ke nan gaba ɗayansa. Da shi ake fitar da jadawalin albashi, inda albashin kowa ke layin B, kason fansho na 8 da 10 ke jere a sama, a rubuta =$B2*C$1, mai naira 70,000 a cire masa 5,600, mai aiki ya ƙara 7,000. Da shi uwar adashi ke ganin abin da ya taru zuwa kowace rana, ta rubuta =SUM(C$2:C2), farkon zubin a kafe, ƙarshensa yana sauka tare da kwanaki.

Inda wannan al'amari ya fi damuna shi ne makarantu, domin a can ba kuɗi ne ke salwanta ba, haƙƙin yaro ne. Makarantun kuɗi da yawa a wannan yanki da Excel suke fitar da sakamakon zango. A ce aji na da yara arba'in, jimillar makinsu daga B2 zuwa B41. Malami ya rubuta =RANK(B2,B2:B41) don fitar da matsayin kowa, ya ja ƙasa babu dala. Yaron farko an gwada shi da duk ajin. Na biyu an gwada shi da B3 zuwa B42, wato an cire na farko daga gasar. Haka jerin ke ta zamewa, abokan gasa na raguwa, har a kai kan yaro na arba'in, wanda za a gwada shi da kansa da gidaje fanko, ya fito na ɗaya ko da shi ne na ƙarshe a ajin. A irin wannan takarda sai ka ga na ɗaya uku, na biyu huɗu, yaron da sunansa ke ƙasan rajista ya haye wanda ya fi shi ƙoƙari.

Ka yi tunanin uwar da ta biya kuɗin makaranta da cinikin ƙosai, ta zo da takarda a hannu tana cewa, "Malam, ɗana ya fi wancan maki, ta yaya wancan ya zo gabansa?" Amsar da aka fi ba ta ita ce, "Mama, ai kwamfuta ce ta fitar." Ita kuma sai ta yi shiru, domin an ambaci abin da take ganin ba ya kuskure. Gaskiya ne kwamfutar ba ta yi kuskure ba, abin da aka ce mata ta yi. Dala huɗu ne suka yi ƙaranci: $B$2:$B$41.

Wannan magana ta "kwamfuta ce ta fitar" ita ce babbar asarar da muka yi a hanya. Tsohon akawu yana da jinkiri, amma yana da shakka, kuma shakkar ce ke tsare shi. Yakan tara shafi daga sama zuwa ƙasa, ya sake tarawa daga gefe, in ba su haɗu ba ba zai rufe littafi ba. Ya san kimanin abin da albashin sashe ya saba kaiwa, don haka adadin da ya kauce yakan tsaya masa a rai kafin ma ya gano dalili. Sannan akwai na biyu da ke duba aikinsa, akwai na uku da ke sa hannu. Mai shago na yau shi ne na farko, shi ne na biyu, shi ne na uku, kuma tsabtar shafin da ke gabansa tana kwantar masa da hankali fiye da kima.

Ba kuma ƙananan mutane kaɗai abin ke samu ba. A 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da binciken da ke cewa idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 na abin da take samarwa a shekara, bunƙasarta na faɗuwa. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi a jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya karɓi jadawalinsu na Excel ya duba. Cikin matsalolin da ya gano har da cewa fomular da ke fitar da matsakaici ba ta kai ƙarshen jerin ba, ta bar ƙasashe biyar cikin ashirin a waje. Shekara uku ana yawo da sakamakon, sai da aka samu wanda ya danna gidan ya karanta adireshin da ke cikinsa.

Duk da haka, ba zan ce da ta fi yanzu ba. Abin da da yake cin ofis guda kwanaki, yau yarinya mai shekara goma sha takwas na gama shi a waya tana zaune a ƙarƙashin lemar POS. Ilimin da da yake hannun 'yan ƙalilan da suka yi makarantar akawu, yau yana gaban kowa. Har ma an sauƙaƙa shi: ana iya raɗa wa gidan E1 suna, a kira shi Haraji, a rubuta =B2*Haraji, sunan ya tsaya a wurinsa duk inda aka ja fomular, wanda zai gaji shafin kuma ya karanta ya gane. Idan aka cusa sabon layi a sama, Excel da kanta ke bin gidan da aka kafe zuwa sabon wurinsa, domin aikin dala a wajen kwafa yake. Kayan aikin sun fi na da nesa ba kusa ba. Abin da ya rage shi ne mu dawo musu da natsuwar waɗanda suka riga mu.

Don haka kirana ga masu koyar da kwamfuta, daga Barnawa har Gonin Gora, shi ne kada su ba ɗalibi takardar shaida sai ya iya cika jadawalin farashi da fomula ɗaya, ya kuma faɗi dalilin kowace dala da ya sa. Shugabannin makarantu, kafin a raba sakamako, a ɗauki yara uku daga ƙasan rajista a duba matsayinsu da ido. Kai kuma mai shago, ke kuma mai riƙe da littafin ƙungiya ko na adashi, ku ware wuri guda a saman shafi ga duk adadin da gwamnati ko kasuwa ke iya canzawa, ku rubuta sunansa da ranar da ya fara aiki. Duk lokacin da kuka ja fomula, kada ku tsaya a layin farko, domin shi kusan kullum daidai yake fita. Ku gangara layin ƙarshe, ku danna gidan, ku karanta adireshin da ke ciki, sannan ku gwada amsar da raskwana kafin takardar ta bar hannunku.